Ranar Da Mainassara Ya Ɓare Telen Amarya

"Ni fa," in ji Mainassara, yana juya makullin motonsa mai ƙafa biyu a ɗan yatsa, "duk abin da ke cin wuta a duniyar nan, in ya gan ni sai ya durƙusa ya gaishe ni. Rediyo, tele, firiji, kai ko jirgin sama ne, ku ba ni sukudireba ɗaya da inuwa mai kyau, ku koma gefe."

To ƙawata, in ba ki san Mainassara ba, bari in gaya miki inda ya yi karatun nasa. Wata huɗu ya yi a Magariya, a shagon wani mai sayar da kayan wuta da ake shigowa da su daga Najeriya. Aikinsa shi ne ya sauke kwali daga mota, ya ɗora kwali a amalanke. Ko sau ɗaya ba a taɓa barinsa ya buɗe kwalin ba. Amma da ya dawo mana Dogo-Dogo, sai ga shi da baƙin tabarau, da ɗan sukudireba a aljihun gaba kamar biro, da sabon suna da ya raɗa wa kansa ba rago ba goro: Injiniya.

A bakin kasuwarmu akwai rumfar Habu. Fano biyu na wutar rana a kan rufi, batir a ƙasa, na'urar wasan ƙwallo ɗaya, manet biyu da ake dannawa a juya 'yan wasa, sai wata tsohuwar tele mai doro wadda in an kunna ta sai ta yi tari kafin ta buɗe ido. Dala goma samari ke biya su buga maci. A nan ne aka sa ranar babban karo tsakanin Dogo-Dogo da Mallawa, ranar kasuwa da hantsi. Mallawa suka ce gwaninsu zai zo, wani Hafiz mai gyaran waya, saurayi mai shiru wanda in ya yi magana sai ka matsa kusa. Mu kuwa ba mu zaɓi kowa ba. Mainassara ne ya zaɓi kansa.

"Amma Habu," in ji shi da safiyar ranar karon, yana nuna telen da sukudireba, "a wannan kaskon suya za ka tari baƙi? Mallawa su zo su ga muna kallon ƙwallo a cikin kurtu? Ina telen Mansura?"

Habu ya dafe ƙirji. "Rufa min asiri, Injiniya. Yau ne jere."

Mansura ƙanwar Habu ce, kuma ita ce amaryar satin nan. Uwarsu Inna Turai shekara biyu tana matsar man gyaɗa tana toya ƙuli, ta haɗa da awaki uku, kafin ta saya mata tele a kayan ɗaki. Shafaffiya, faɗinta ya kai ƙyauren ɗaki, tana cikin kwalinta ana jiran la'asar mata su zo su jera ɗakin amarya. Kin kuma san mata da ganin ɗaki. Ba mai kunna tele. Hannu ake sawa a shafa gilashin, a ji ledar nan da aka manno daga kamfani tana nan lafiya. In akwai leda, sabuwa ce, a yi guɗa. In babu leda, gwanjo ce, kuma maganar za ta bi amarya har ranar sunan ɗanta na fari.

Akwai kuma wani abu. Mansura tana da ƙanwa, Rahina, kuma tun kaka Mainassara yake ƙona man moto a ƙofar gidansu. Rahina ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba, murmushi kawai take yi tana kallon farcen ƙafarta. Shi kuwa ya riga ya gaya wa rabin gari irin shaddar da zai sa ranar ɗaurin aure.

Sai ya shiga gidan, ya cire tabarau, ya durƙusa gaban Inna Turai.

"Inna, wata tambaya ce ta kawo ni. Telen nan, an buɗe mata ido kuwa?"

"Wane ido kuma, ɗan nan?"

"Ai sabuwar tele kamar jinjiri take. In ba gwani ya fara kunna ta ba, sai a kai ta ɗakin miji ta ƙi magana. Na ga irin haka ya fi ɗari a Magariya. Ku ba ni ita zuwa azahar, in saita mata komai, kyauta, don ni na gida ne."

Inna Turai ta daɗe tana dubansa. Tsoron kada 'yarta ta ji kunya a gidan miji ne ya rinjaye ta. Amma ta ɗaga yatsa.

"Ka ji ni da kyau. In ta dawo yadda ta fita, da ledarta, ba ƙwarzane, to ka turo manyanka su yi maganar Rahina. In kuwa ta dawo da ko tabon ƙuda, kada in sake jin kukan motonka a unguwar nan."

"Inna, ki fara jiƙa geron biki."

Haka aka ɗauko tele a amalanken jaki, Mainassara na gaba a kan moto yana ta ƙaho kamar an kawo perefe, babban mai mulkin yanki. Aka kafa ta a rumfar Habu. Masu cin kasuwa suka bar ciniki, mai tsire ya bar wuta, samarin Mallawa suka sauka daga motocinsu baki buɗe. A kusurwar gilashin, a kan ledar, akwai wata takarda mai ruwan zinariya da aka rubuta 4K.

"Kun ga wannan?" in ji Mainassara. "Dubu huɗu ke nan. Dubu huɗun me, ba zan tsaya yi muku bayani ba, kanku zai yi ciwo."

Ya zaro wayar nan mai kai uku daga bayan tsohuwar tele, rawaya da fara da ja, ya cusa a sabuwar. Ya kunna.

Hoto ya fito. Wayyo ƙawata! 'Yan ƙwallon duk sun zama gajeru masu faɗi, kamar tuluna aka sa wa gajeren wando. Ƙwallon ta koma ƙwan zabo. Fuskoki kuwa babu su, sai ka ce an zana su da gawayi an goge da tsumma.

Dariya ta tashi daga ɓangaren Mallawa. "Injiniya, wane tuwo kuke ba 'yan wasanku?"

Hafiz ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "Babban yaya, wayar ce. Wannan mai kai uku ɗan ƙaramin hoto take aikowa, telen kuma ta ja shi don ya cika allo. Kamar a ja ɗankwali ne a ce ya rufe gado. Da akwai ɗaya wayar mai baki ɗaya..."

"Kai, mai manna gilashin waya! Wa ya tambaye ka? Ka zo buga ƙwallo ne ko ka zo buɗe lekol ka koya mana karatu?"

Hafiz ya koma ya zauna.

Mainassara ya ɗauki telekomand, abin sarrafa tele daga nesa, ya dinga danne-danne har ya ci karo da wani maɓalli. Hoto ya yi tsalle ya matso kusa. 'Yan wasa suka ɗan miƙe.

"Kun gani? Ta gane mai gidanta. A fara!"

Aka fara. Sai dai hoton ya kumbura har gefunansa sun fice daga allo. Agogon maci da wurin da ake rubuta ci duk sun shige sama, ba a ganinsu. Mai tsaron raga ma sai ƙafafunsa. Ga wani abin kuma: tun da telen ke ta faman jan hoto, in ka danna manet sai ɗan wasan ya tsaya ya yi tunani kafin ya yi harbi. Hafiz ya gane haka nan take, ya dinga dannawa tun ƙwallo ba ta iso ba. Mainassara kuwa sai harbin iska yake, yana zagin ɗan wasansa har kakanni.

Raga ta motsa sau ɗaya. Ta motsa sau biyu. Ta sake. Ta kuma.

"Biyu da biyu!" in ji Mainassara da aka tafi hutun rabi.

Mallawa suka miƙe tsaye gaba ɗaya. "Biyu a gidan wa? Yaushe ka ma tsallaka tsakiyar fili?"

"Ku nuna min inda aka rubuta. Ai ga allo nan gabanku."

Hafiz ya miƙa hannu ya danna telekomand sau ɗaya. Hoto ya koma baya, 'yan tuluna suka dawo, kuma can a kusurwa, ko da dishi-dishi, har jakin amalanke ya iya karantawa: huɗu da babu.

Wani da ya fi shi kunya sai ya ce cikinsa na ciwo ya tafi gida. Mainassara kuwa tabarau ya cire, ya matsa kusa da gilashin har hancinsa na taɓawa, ya yi wani dogon "Ahaaa!"

"Na gano cutar. Ledar nan ce ke tare hoto. Yaya mutum zai ga ƙwallo ta cikin leda?"

Habu ya yi tsalle daga kan benci. "Mainassara, don girman Allah! Ka san abin da Inna ta ce!"

"Zan mayar. Leda dai? Ni da nake mayar da injin firiji?"

Kafin Habu ya tsallake ƙafafun jama'a, an gama. Ya ɓanɓare takardar zinariyar ya manna a ƙirjin rigarsa wai don kada ta ɓace, ya kama kusurwar ledar, ƙiiiii, tun daga sama har ƙasa. Ya yar da ita a kan buhun wake.

Kowa ya dubi allo. Tulunan nan suna nan yadda suke, sai dai yanzu suna ƙyalli.

Habu ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. "Na mutu. Inna za ta toya ni da ƙuli."

Gumi ya fara tsattsafo wa Injiniya. Ya leƙa cikin kwalin telen kamar mai neman hanyar gudu, sai hannunsa ya ci karo da wata baƙar waya mai baki ɗaya. Ya ɗaga ta sama.

"Dama gwada ku nake yi! Ga ainihin wayar. Tun ɗazu nake jira in ga ko akwai mai kai a cikinku."

Mallawa suka juya suka dubi Hafiz. Hafiz ya dubi rufin rumfa.

Aka sa sabuwar waya. Gaskiya hoto ya gyaru, rubutu ya fito fes, har wasu suka fara tafi. Sai na'urar wasa ta kawo tambaya, lambobi uku a jere: 480, 720, 1080.

"Babban yaya," in ji Hafiz, "hoto kamar saƙa yake, zare-zare. Tana tambaya ne zare nawa telen za ta iya ɗauka. A duba bayanta tukuna. In ba a tabbata ba, a ɗauki na tsakiya."

Mainassara ya bugi ƙirji, daidai kan takardar zinariya. "Ka iya karatu? Dubu huɗu! Telen da ke cin dubu huɗu za ka ba ɗari bakwai? Wannan ai raini ne. Da ma akwai wanda ya fi na ƙarshen, da shi zan ba ta."

Ya danna 1080.

Allo ya yi baƙi ƙirin. Sai wani ɗan rubutu na yawo a kai, daga wannan kusurwa zuwa waccan, kamar ƙudan da ya rasa ƙofa.

"Kada ka taɓa komai!" Karon farko ke nan da aka ji muryar Hafiz har waje. "Ka ƙirga talatin, za ta koma da kanta. In ka danna, ka ce mata ka yarda ke nan."

"Namiji ba ya jiran na'ura," in ji Mainassara, ya haɗa yatsunsa goma a kan manet ya danne duk abin da ke dannuwa.

Aka ƙirga talatin. Aka ƙirga sittin. Mai tsire ya ƙirga har ɗari biyu don mugunta. Baƙi dai.

Daga nan fa aka ga aikin injiniya. Ya ce batir ne, aka duba, batir a cike. Ya ce ƙura ce, ya hura kowane rami na bayan telen har ya ga taurari. Ya ce zafi ne, ya karɓi faifan wata mai fura ya yi ta yi mata fifita kamar mai jego. Ya ce a juya ta gabas. Daga ƙarshe ya ce telen da wutar Najeriya ta saba, ranar Nijar ta yi mata ƙarfi.

"Wutar da ba ta zuwa ce ta saba da ita?" in ji wani ɗan Mallawa. "To ai ga shi ta tuna gida."

"A dawo da tsohuwar!" in ji Mainassara. "Dama mai doro ta fi amana."

Aka mayar da waya mai kai uku a tsohuwar tele. Ta yi tarinta, ta buɗe ido, ba komai. Na'urar ta riga ta karɓi umarni, ta sabuwar waya kawai take aika hoto, kuma mai girman da babu mai iya ɗauka a rumfar. Tele biyu, na'ura ɗaya, mutum ya fi hamsin, ana kallon duhu da rana tsaka.

Ana cikin haka aka ji sallama. Rahina ce, da mayafi ruwan toka, Inna ta aiko ta a mayar da tele don dangin ango sun fara isowa tun kafin lokaci. Ta dubi baƙin allo. Ta dubi yayanta zaune a ƙasa. Ta dubi ledar a kan buhun wake. Ba ta yi ihu ba, kuma wannan ya fi ihu ban tsoro.

"Yaya Habu, ta mutu ne?"

"Hutawa take," in ji Mainassara. "Manyan tele haka suke, ƙanwata, sai sun..."

"Ba ta mutu ba," in ji Hafiz, ya miƙe yana gyara wuyan riga ba dalili. "Akwai wata 'yar farar takarda a bayanta. Rubutun ƙanana ne, ga duhun rumfa. Ko za ki duba mana?"

Ya kunna fitilar wayarsa ya haska. Rahina ta sunkuya. Ni dai ina daga gefen mai fura, kuma na lura karatun layi ɗaya ya ɗauke ta lokaci fiye da yadda ya kamata.

"Ɗari bakwai da ashirin," in ji ta.

"Ƙarya ne!" Mainassara ya nuna ƙirjinsa. "To wannan fa?"

"Wannan mai shago ne ya manna," in ji Hafiz. "Ana sayar da su a leda, har a bayan kalkuleta na taɓa ganin irinta. Telen tana da kyau. Iyakarta ke nan kawai, kuma ta isa."

Ya kashe na'urar, ya ɗora yatsa a maɓallin kunnawa ya riƙe. Ta yi ƙara sau ɗaya, bai saki ba. Ta yi na biyu, ya saki. Na'ura ta manta da umarnin Injiniya. Tambayar ta dawo, ya zaɓi 720.

Ƙawata, sai ga fili kore shar, 'yan wasa dogaye kamar mutanen kirki, ƙwallo a mulmule, har gashin girar alƙali ana gani. Rumfa ta ɗauki sowa.

Sowar ce ta mutu a tsakiya, don Inna Turai na tsaye a bakin rumfa, da ludayin mai a hannu. Ta gaji da jira ta biyo sawu. Ba ta ko kalli hoton ba. Hannu ta sa ta shafa gilashin, ta ji shi tsirara.

"Ina ledar?"

"Inna, yanzu zan mayar. A samo min ɗan ƙaro da ruwan ɗumi, ko koko mai kauri..."

"Ka taɓa ta da koko in karya maka hannu."

Idon Rahina ya kawo ruwa, don ta san abin da dangin ango za su ce wa yayarta. Hafiz ya ga haka. Ya ɗauko ledar a hankali, ya kakkaɓe ta, ya goge gilashin da hular kansa, ya ciro katin shaidarsa daga aljihu.

"Inna, wannan kam aikina ne, kullum shi nake yi wa wayoyi. Sai dai ina son mai riƙe min ɗaya gefen."

Samari goma suka miƙo hannu. Rahina ta riga su.

Shi yana bi da kati yana korar iska, ita tana sakin leda kaɗan-kaɗan, ba mai kallon wani, kuma ba mai sauri. Da suka kai kusurwar ƙarshe, ko ƙwayar kumfa ɗaya babu. Inna Turai ta shafa sama, ta shafa ƙasa, ta sake shafawa.

"Ɗan waye kai a Mallawa?"

Ya faɗa mata, kansa a ƙasa.

"Ka biyo amalanken ka sa mana ita a ɗaki. Akwai fura."

Nan Mainassara ya ga aure na ficewa ta ƙofar rumfa. Ya yi gyaran murya, ya mayar da tabarau, ya sha gabanta da takardar zinariyarsa tana walƙiya a ƙirji.

"To Inna, alhamdu lillahi. Ta dawo yadda ta fita, da ledarta, an kuma buɗe mata ido kamar yadda na yi alkawari. Yaushe zan turo manyan?"

Inna Turai ta dubi takardar ƙirjinsa. Sannan ta kama shi a kafaɗa ta juya shi kamar akuyar da ake tayawa.

"Rahina, na ga abin da aka rubuta a gaba. Zo ki karanta min na baya, mu ji nawa wannan yake ɗauka."

Rahina ta matso. Hafiz, Allah ya shirye shi, har da haska mata fitila. Ta ɗaga wuyan rigar da yatsa biyu, ta leƙa, ta ƙwanƙwasa bayan sau biyu tana saurare.

"Inna, wannan kwalin ne kawai aka kawo mana. An manta telen a Magariya."